Wayar Da Ta Shiga Ta Sama

Shekara goma sha ɗaya na yi ina lallashin likitocin asibitinmu su yarda da manhajar da na rubuta. Ranar da na je na ce kada su yarda da ita, sai na tarar lallashin ya ci fiye da yadda na so.

Sunana Didier Ravanel, injiniya a sashen masu farfaɗiya na wani asibiti a Grenoble. Shekarata hamsin da uku, kuma tumbina ne ke riga ni shiga kowane ɗaki. Ofishina yana ƙarƙashin ƙasa, tsakanin ɗakin ajiyar zannuwan gado da tukunyar dumama ruwa. Ba ni da farar riga. Na taɓa aron wata, kafin in kai ƙarshen baranda wani dattijo ya tare ni zai nuna mini ƙurjin da ke cinyarsa, na juya na mayar wa mai ita.

Idan magani ya gaza a kan mai farfaɗiya, wajenmu ake kawo shi. Likitan tiyata ya huda ƙoƙon kansa ƙananan huji, ya zura wayoyi sirara kamar taliya har cikin ƙwaƙwalwa. Kowace waya tana da zobban ƙarfe a jere, kowane zobe kunne ne mai sauraron lantarkin da ke kusa da shi. Sai a kwantar da mutum mako biyu ana jiran ciwon ya zo. Na'urar sauraro tana zana layuka wajen ɗari da tamanin, layi ɗaya ga zobe ɗaya, kuma in ciwon ya tashi likita yakan ga a layin da ya fara. Amma layi ba ya faɗin inda zobensa yake cikin kai. Nan ne nake cin abinci. Manhajata tana haɗa hoton da aka ɗauka kafin a sa wayoyi da na bayan an sa, ta zana ƙwaƙwalwar kamar ta gilashi, zobban suna ƙyalli a ciki, wanda ciwon ya fara a kansa ya yi ja. Na raɗa mata suna mai tsawo da na yi mako guda ina tsarawa. Ba wanda ya riƙe. Kowa "abar Didier" yake cewa.

Ranar Talata da ƙarfe biyu ake taro, bayan an ci abinci, lokacin da rabin ɗakin ke kokawa da gyangyaɗi. A wannan Talatar maganar Madam Aurore Charvin ake yi, mace mai shekara talatin da shida, mai shanu da sana'ar cuku a duwatsun Beaufort. Ciwon yana kama ta wajen sau ashirin a wata, ya taɓa kayar da ita a gefen tukunyar madara har ta ƙone a hannu. An sa mata wayoyi goma sha uku a gefen dama, kwananta goma sha biyu a kwance, ciwon ya zo sau biyar, kuma duk a kan wasu layi biyu kaɗai yake farawa.

Na haska hoton a bango. Ɗigo biyu jajaye, can sama, a bayan goshi, wurin da za a iya yanka ba tare da mutum ya rasa magana ko hannu ba.

"Kyauta ce wannan," in ji Farfesa Armand Bessac, shugaban masu tiyata, dogo mai farin gashi, wanda ko gaisuwa yake yi sai ka ji kamar ya sa hannu a takarda. "A zare wayoyi ranar Alhamis da ƙarfe takwas. Mako mai zuwa in cire mata wurin, kamar girman gyaɗa uku."

"Ni dai bai kwanta mini ba," in ji Dokta Solenn Kerbrat. Ita ce mai karanta layukan, 'yar bakin teku ce daga Bretagne, shekararta goma sha biyar a garinmu tana ƙorafin duwatsu sun tare mata gani. "Matar nan magana ɗaya take yi kullum. Sai ta ji an shaƙe mata maƙogwaro, bakinta ya yi ɗanɗanon ƙarfe, sannan ta tafi. Wannan aikin tsibiri ne."

Tsibiri wani lungu ne can ƙasa a gefen ƙwaƙwalwa, a ɓoye, jijiyoyin jini sun lulluɓe shi. Mai wuƙa ba ya son jin sunansa.

"Solenn, ni ba maƙogwaro zan yanka ba," in ji Farfesa. "Dubi hoto. Ravanel, juya mana shi."

Na juya.

"Abar Didier ta taɓa yi mana ƙarya?"

"Majiyyata ɗari huɗu da goma sha biyu, Yallaɓai, ko sau ɗaya," na ce, ko da yake ba wanda ya tambaye ni adadi. Na sake juya ƙwaƙwalwar a hankali, ta yadda jajayen ɗigon za su tsaya daidai fuskar Kerbrat. Ta rufe littafinta. Ran nan da zan koma gida har kek na saya a hanya.

Washegari, Laraba, da misalin goma na safe, aka kira ni ɗaki na huɗu, allon da ke gefen gado ya ɗauke. A asibitinmu duk abin da ke da igiya nawa ne, har da tukunyar kofi. Na shiga na tarar ma'aikaciyar jinya tana sauya wa wata mata bandejin kai. Sai da na ga sunan a jikin gado na gane ita ce. Kwana goma sha biyu ina juya ƙwaƙwalwarta a kwamfuta, ban san tana da ɗige-ɗige a kumatu ba.

"Kai ne mai kwamfutar?" ta ce. "An ce kai ka gano inda abin yake."

"Ni da wasu, Madam."

"To tunda ka leƙa ciki, akwai wani abu kuwa? Mijina ya ce babu."

"Akwai. Na ga na wasu manya a gidan nan, taki ta fi."

Ta yi dariya, ma'aikaciyar ta ce ta daina motsi. Na durƙusa a bayan gado ina laluben igiya, da na ɗago sai idona ya faɗa a kan kanta, an aske shi, an buɗe. Gindin wayoyin yana nan a jere saman kunnenta na dama, kamar ƙusoshi a katako. Na ƙirga don sabo. Goma sha biyu. Ta goma sha uku tana can ita kaɗai a ƙoƙuwar kai, kusa da inda mata ke raba gashi.

"Waccan fa, me ya kai ta can?" na tambaya.

"Ta sabon inji ce," in ji ma'aikaciyar. "Farfesa ya zura ta daga sama, a karkace. Ita ce ta farko da muka yi haka. Ba ka zo ranar da aka sha lemon murnarsa ba?"

Ban zo ba. Na jona igiyar, allon ya kama, na ce musu sannu, na fita kamar mutum mai hankali. Sai da na kai matattakala na fara gudu, irin gudun da mai tumbi ke iyawa.

Ga abin da na tuna. A sana'ar nan tamu, tun kafin a haife ni, daga gefe ake zura waya, a miƙe, kamar tsinken tsire, bakinta ya nufi tsakiyar kai. Haka malaman Farfesa suka koya masa, haka su ma aka koya musu. Kuma daga bakin waya ake ƙirga zobba: na ɗaya shi ne mafi zurfi, na ƙarshe yana kusa da ƙashi. Hoto kuwa ɗigo kawai yake nunawa, ba ya sa musu lamba. Dole manhaja ta san ta wane ɓangare za ta fara ƙirga. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce na zauna zan koya mata yadda ake gane bakin waya, na ga abin zai ci mini kwana uku, sai na ce da ita: duk zoben da ya fi kusa da tsakiyar kai, shi ne na ɗaya. Ai duk waya daga gefe take zuwa.

Wannan kuwa daga sama ta shiga, kusa da tsakiya, ta gangara ƙasa tana kaucewa zuwa gefe. Gindinta ne kusa da tsakiyar kai, ba bakinta ba.

Na buɗe rubutun manhajar na nemo wurin. Yana nan yadda na bar shi, har da 'yar tunatarwar da na rubuta wa kaina a gefe: "Na wucin gadi. A gyara ranar Litinin." Ban faɗi wace Litinin ba.

Gyaran bai kai minti biyar ba. Na juyar da ƙirgar wayar, na danna. Jajayen ɗigon biyu suka ɓace daga bayan goshi, suka bayyana can ƙasa, a bakin wayar, a tsakiyar tsibiri. Zobe na biyu da na uku.

Zan so in ce nan take na miƙe. Gaskiya minti ashirin na yi a zaune ina neman wanda zan ɗora wa. Na fara da sabon inji, na ga inji bai rubuta komai ba. Na koma kan Farfesa, tunda bai sanar da ni zai sauya hanya ba. Na bincika saƙonnina don in kafa hujja, sai ga saƙonsa na watan Maris, yana tambaya ko abar Didier za ta iya da wayoyi masu karkata. Ga amsata a ƙasa, kalma biyu: "Babu matsala."

Na kuma yi tunanin in aika sabon hoto shiru, in rubuta "ɗan gyara" a kai. Amma Farfesa ranar Juma'a yake karanta saƙo, wayoyi kuwa gobe da takwas za su fita. In sun fita, babu sauran hanyar tambayar ƙwaƙwalwar matar nan kai tsaye. Sai hotona na jiya da hotona na yau su tsaya suna musu, kuma na jiya ne aka buga, aka sa a fayil, aka sa masa hannu. Za a yanke mata wuri mai lafiya, ta koma gida da ciwonta.

Na sami Kerbrat a ɗakin cin abinci da sha biyu da rabi, tana fama da kifi. A ƙasarmu ba a kawo wa mutum aiki yana cin abinci, ko gobara ce sai ta jira cuku ya wuce. Na ajiye tire na, na ɗauki tuffar da ke nata.

"Ajiye mini abata, Injiniya."

Na ciro biro na soka wa tuffar daga gefe. "Ina bakinsa yake?"

"A tsakiya. Ka ɓata mini tuffa."

Na zare, na soka daga sama kusa da inda aka tsinko ta daga reshe, a karkace, har bakin biron ya tura ɓawon ta gefe. "Yanzu wane ɓangare ne kusa da tsakiya?"

Ta daina tauna. Ta dubi tuffar, ta dube ni. Na faɗa mata sauran, har da maganar Litinin, don na ga in na fara ɓoye ƙanana zan ƙare da ɓoye babba.

"Tsibiri," ta ce.

"Tsibiri."

"Jiya sau uku ka juya mini hoton nan a fuska."

"Sau huɗu ne."

"Zan rama, kada ka damu, ina da sauran shekara ashirin kafin ritaya." Ta ture farantin. "Saurara. In a tsibiri yake, wuƙa ba za ta shiga ba. Sai dai a ƙone wurin da zafi ta cikin wayar kanta, kafin a zare ta. Wannan kuwa sai da Farfesa, da hannunsa. Yana ɗakin tiyata har ƙarfe huɗu, daga nan jirgin ƙasa na biyar da rabi zai hau zuwa Paris, sai gobe da rana ya dawo. Mataimakinsa ne zai zare wayoyin."

"Ki kira shi."

"Ni? In na buɗe baki zai ce Solenn ta sake kawo maƙogwaronta. Kai ka haifi abin, kai za ka je ka ce shege ne."

Daga ƙarfe ɗaya na zauna a ƙofar ɗakin da masu tiyata ke sauya kaya, a kan wata kujera mai ƙafa uku da rabi, kwamfuta a cinya, tuffa a hannu. Masu shara suka wuce, suka dawo suka sake wucewa. Wata ta tambaye ni ko ɗan'uwana ake wa aiki, na ce kusan haka. Sau biyu fitsari ya matse ni na ƙi tashi, don na san halin sa'ata, ina juya baya Farfesa zai fito. Tuffar ta yi baƙi a bakin hujin.

Huɗu da minti goma ya fito daga tiyata ya shiga ɗakin. Na bi shi, abin da ban taɓa yi ba. Na same shi daga shi sai singileti, yana neman safa.

"Ravanel, in tukunyar kofi ce, sai Juma'a."

"Madam Charvin ce, Yallaɓai. Hoton jiya ba daidai ba ne."

"Hoton wa?"

"Nawa."

Na nuna masa tuffa, na nuna masa allo, tsohon hoto da sabo gefe da gefe. Yana ɗaura igiyar takalmi yana kallo ta wutsiyar ido.

"Solenn ce ta turo ka?"

"Ni na je wurinta."

"Ka san sau nawa na tsaya gaban mutanen Marseille da na Lyon ina kare abin nan naka? Sun ce kayan ƙarƙashin ƙasa ne, na ce ya fi nasu. Majiyyata ɗari huɗu da nawa ka ce jiya?"

"Duk daga gefe aka zura musu, Yallaɓai. Nasu daidai ne. Wannan kaɗai ce."

"Jiya ka ce sama, yau ka ce ƙasa. Gobe fa? Wane Ravanel zan bi, na jiya ko na yau?"

"Na yau. Na jiya bai taɓa ganin kan majiyyaci ba."

Ya sa kwat ɗinsa, ya ɗauki jaka. "Ka rubuto mini. Zan karanta a jirgi."

Na san wannan karatun. A jirgi barci yake yi tun daga tashar farko, duk asibiti an sani. Ƙofar ɗakin ba ta da faɗi, ni kuwa ina da shi. Na tsaya a bakinta.

"Ravanel, matsa."

"Yallaɓai, kada ka yarda da ni, kada ka yarda da hoton. Ka tambayi matar. A sa ɗan lantarki a zobban nan biyu. In a bayan goshi suke, ba za ta ji komai a wuya ba, ka hau jirginka, ni kuma in kwashe kayana daga ƙasa. Minti goma sha biyar."

"Kana tare ni a ƙofa? Kai?"

"Ni ma abin ya ba ni mamaki, Yallaɓai."

Ya dubi agogo. Ya dube ni daga sama har ƙasa, ya daɗe a tsakiya.

"Minti goma sha biyar," ya ce. "Kuma jefar da tuffar nan, wari take."

Kerbrat ta riga ta kai injin gwajin ƙofar ɗaki na huɗu. Na nufi bayanta zan laɓe, ta riƙe mini hannun riga.

"Ina za ka? Ba a taɓa mutum da lantarki sai ya yarda, kuma ba zai yarda ba sai ya san dalili. Shiga ka faɗa mata."

Madam Charvin tana zaune tana kallon talabijin, an naɗe kan da sabon bandeji. Ta ga Farfesa da kwat da jaka, ta ga Kerbrat, ta gan ni a gaba, ta kashe talabijin ɗin.

"Mai kwamfuta. Allon bai sake mutuwa ba."

"Ba allo ba ne, Madam. Jiya an faɗa miki an gano wurin. Ni na zana hoton, kuma na yi kuskure. Na ƙirga ɗaya daga cikin wayoyinki daga ƙarshe zuwa farko."

"Ka ƙirga baibai."

"E."

"Kai da aka ce injiniya ne."

"E."

"Jiya na kira uwata na ce mata an gano. Ta je coci ta kunna kyandir." Ta kafe ni da ido. "Da an yanke mini inda ka nuna, wurin lafiyarsa ƙalau?"

"Ƙalau."

"Kuma da na ci gaba da faɗuwa?"

"Haka nake zato."

"Zato. Jiya ma zato ne?"

"Jiya tabbas nake da shi, Madam. Shi ya sa yau nake so a gwada."

Ta dubi Farfesa, shi kuma ya sami wani abin kallo a jikin taga. Kerbrat ta yi mata bayani a taƙaice: lantarki kaɗan ne, na daƙiƙa biyar, mai yiwuwa ta ji abin da take ji kafin ciwon, ba za a faɗa mata lokacin da aka kunna ba.

"Kwana goma sha uku ban wanke kai ba," in ji Madam Charvin. "In na ce a'a, gobe in wanke. In na ce e fa?"

"Jibi," in ji Kerbrat.

"To me kuke jira? Amma shi ya tsaya inda zan riƙa ganinsa."

Na tsaya a ƙarshen gado. Kerbrat ta fara da zobban da ke can gindin wayar, waɗanda a gaskiya su ne a bayan goshi. Ta danna. Madam Charvin tana kallona.

"An fara ne?" ta ce.

"Kin ji wani abu?"

"Yunwa."

Kerbrat ta sauya lamba. Na ga yatsanta ya sauka a kan na biyu da na uku. Na fara ƙirga daƙiƙa a zuci, daidai wannan karon. Ban kai uku ba hannun matar ya tashi ya kama wuyanta. Idanunta suka fito, ta haɗiye da ƙyar, ta taɓe baki kamar wadda ta lashi tsohuwar ƙusa.

"Ita ce," ta ce, muryar a shaƙe. "Ita ce, ku kashe."

Kerbrat ta riga ta kashe. Layuka biyu a allon suka ci gaba da rawa na ɗan lokaci, sannan suka lafa. Farfesa ya ajiye jakarsa a kan kujerar baƙi, ya matsa kusa da allon ya daɗe yana kallo, sannan ya ciro wayar salula.

"Faɗa wa mutanen Paris ba zan zo ba," ya ce da sakatariyarsa. "Ce musu mura. A'a, kada ki ce mura, ce musu aiki. A ba ni ɗakin tiyata gobe da takwas." Ya kashe. Ya juya wajen Kerbrat. "Tsibiri ne, Solenn."

"Haka na ji ana faɗa," in ji ta.

Ya zauna a bakin gadon, abin da ban taɓa ganin ya yi ba, ya faɗa wa Madam Charvin gaskiya: aikin da aka yi mata alkawari jiya babu shi, wurin ba ya yankuwa cikin sauƙi. Za a ƙone shi ta cikin wayar, tana farke. Wasu sukan rabu da ciwon, wasu ya ragu, wasu ya dawo bayan watanni. Ta ce ta ji. Ta ce a miƙo mata waya za ta kira uwarta, kuma kowa ya fita, musamman ni.

Da safe aka ba ni hula da riga kore, na shiga ɗakin tiyata karo na farko a rayuwata, don Farfesa ya ce sai na karanta lambar zobban da bakina, shi da Kerbrat su maimaita, kafin ya jona komai. Na karanta. Suka maimaita. Madam Charvin tana kwance ido biyu, fitila a kanta.

"Madam," in ji Farfesa, "zan kunna na daƙiƙa arba'in. Za ki iya jin ƙara a cikin kai, kamar ana toya ƙwai. Ina so ki yi ta magana kada ki tsaya, don in harshenki ya sarƙe ko bakinki ya karkace in kashe nan take."

"Me zan ce?"

"Ko me kike so. Ga Ravanel nan a gefenki. Faɗa masa abin da ke ranki."

Ya danna. Ta fara da makarantar da ta ba ni takarda, ta tambayi ko tana nan har yanzu ko hukuma ta rufe ta. Ta ce 'yarta mai shekara huɗu tana ƙirga matakalar bene daga ƙasa zuwa sama ba ta taɓa ruɗewa ba. Ta ce da a hannunta nake aiki, ko wankin bokiti ba za ta bar mini ba sai an tsaya a kaina. Ta gangaro kan takalmina, ta hau kan askina. Kerbrat tana sauraron kowace kalma da kunnen likita, kafaɗunta suna rawa a ƙarƙashin riga. Ni kuwa na tsaya hannu a baya ina addu'ar kada ko harafi ɗaya ya kuɓuce mata.

"Arba'in," in ji Farfesa, ya ɗaga yatsa. "Ɗaga mini hannun hagu, Madam. Yawwa. Murmushi. Madalla."

"Ban gama ba," ta ce.

"Akwai sauran zagaye ɗaya, tsakanin na uku da na huɗu," in ji Kerbrat. "Ki ajiye sauran."

Aka yi na biyun, ta ƙarasa. Ƙarfe goma da rabi aka zare wayoyin duka goma sha uku, kuma ba a cire mata ko ƙwayar gero daga bayan goshi ba. A watan farko ciwon ya zo mata sau biyu. Kerbrat ta ce kada kowa ya yi murna tukuna, sai an ga bayan shekara.